Sifikar Tsakiya

Da la'asar Mama ta iso, ko mayafi ba ta yarda ta cire ba. Ta ɗosana a bakin kujerar falo kamar mai jiran mota, ruwan da Auta ta kawo mata kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

"Yana ciki?" ta tambaya, tana nuna ƙofar ɗakin kwana da haɓa.

"Yana ciki, Mama. Ya ɗan kishingiɗa ne."

"Kullum ya ɗan kishingiɗa! Zauna nan, magana na zo mu yi, ba gaisuwa ba."

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifiyarta. Ita ce ƙarama a ɗakinsu, shi ya sa sunan ya bi ta har makarantar firamaren da take koyarwa. Mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, direban bos ɗin ma'aikata ne a wani kamfani, mutum mai raha da surutu, wanda in yana gida har maƙwabta sai sun sani. Sai ciwon hawan jinin ido ya lallaɓo masa ba sallama. Ranar da ya lura ba ya hango mai babur sai ya zo daf da shi, da kansa ya kai makullin bos ofis ya ajiye. Aka yi ta zaryar asibiti, har likita ya faɗa musu gaskiya: abin da ya tafi ba zai dawo ba, ɗan hasken da ya rage ma yana kan hanya. Da hasken ya ƙarasa tafiya, Dogo ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Watanni ke nan.

"Ban ce yaron nan mugu ba ne," in ji Mama. "Allah ya sani ina ƙaunarsa. Amma dubi wuyanki, Auta! Ke ce makaranta, ke ce kasuwa, ke ce asibiti, ki dawo ki tarar da mutum ya juya miki ƙeya. Ko haihuwar fari ba ki yi ba. Yana da 'yan'uwa, su ɗauki nasu. Ki dawo gida ki huta, ki tafi ƙaro karatun nan da kike ta tara wa kuɗi tun kafin aure."

"Mama, da ni ce na makance fa? Me za ki so ya yi?"

"Ai ba ke ce kika makance ba!" Muryar Mama ta karye, ta kai gefen mayafi ido. "Ni uwa ce. Ba zan iya zuba ido ina kallon ki kina ƙarewa ba."

Da ta raka ta bakin titi ta dawo, Auta ta tura ƙofar ɗaki a hankali. Dogo na zaune a bakin gado yana fuskantar bango, gemu ya cika masa fuska.

"Direbana, in kawo maka shayi?"

"Ki daina kira na da sunan nan. Wace mota nake ja?" Sannan ya ce, "Idona ne ya mutu, Auta, kunnena garau yake. Na ji duk abin da Mama ta ce, kuma ba ta yi ƙarya ba."

"Don Allah kar ka fara—"

"Na riga na yi magana da Yaya Babba. Yana gyara mini ɗakin da ke bayan gidansa. Ranar da zai zo ya ɗauke ni, zan sawwaƙe miki. Ba zan zauna ina cin ƙuruciyarki ba."

Ta durƙusa ta riƙe gwiwoyinsa tana kuka. Ya zare hannuwanta a hankali, ba da faɗa ba, ya juya ya kwanta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Asabar. Tun suna neman aure fim ne abin hirarsu. Bayan biki, kowace Asabar da yamma sukan saki labule, su matse a kujera ɗaya, yana cika ta da sharhi: wannan bai iya ribas ba, wancan ɗan sandan shi ne ɓarawon, ki rubuta ki ajiye. Bayan makantar ta taɓa lallaɓo shi falo sau ɗaya ta kunna musu fim. Bai daɗe ba ya ce, "Kashe. Kiɗa ya danne magana, komai a cakuɗe yake fitowa daga rami ɗaya. Ban san wa ke magana ba, ban san ina yake tsaye ba, ke kuma kina ta yi mini fassara kamar yaro." Tun ranar ba a sake kunna talabijin ɗin ba.

Ran nan da hantsi, ranar babu makaranta, ta cire labulayen ɗaki za ta wanke, ta buɗe tagar da ta daɗe a rufe. Hayaniyar titi ta faɗo ciki. Tana tattara labule sai ta ji ya ce, kamar mai magana da kansa, "Wannan bel ɗinta ya saki."

"Na'am?"

"Motar da ta wuce yanzu ta hagu. Ba ki ji yadda take ƙara in ya taka ba? Ga wata can tana hawowa daga gangare, babba ce, kuma da kaya. Kai, bawan Allah, sauke mata giya mana, za ka kashe ta!"

Auta ta leƙa. Tifa ce shaƙe da yashi, tana hawa da ƙyar. Ta juyo ta dube shi. Ya karkata kai, girarsa ta ɗaga, gefen bakinsa ya motsa. Ta manta rabonta da ganin wannan fuskar. Abin bai ɗauki lokaci ba ya koma yadda yake, amma ta riga ta gani. Mutumin nan in sauti ya zo masa a rarrabe, kowanne daga inda ya dace, yana ganin duniya sarai.

Washegari da aka tashi daga makaranta ba ta nufi gida ba, sai layin masu kayan lantarki. Shaguna ne suna kallon juna, kowanne ya ƙure kiɗa, har ƙasa na rawa. Ta shiga wani mai ɗan zurfi, inda wani magidanci mai tabarau a goshi yake warware waya. Maƙwabtansa na kiransa Mai Sauti.

"Hajiya, sannu da zuwa! Na falo ake so? Ga sabon yayi." Ya daki wani dogon akwati mai fitilu ja da shuɗi suna zagaye. "In kika kunna wannan, baƙi tun daga ƙofa za su san an shigo gida."

"Mai shi ba ya gani," in ji ta.

Mai Sauti ya dube ta. Ya miƙa hannu ya kashe kiɗan shagon, ya jawo mata kujera.

Ta ba shi labari a taƙaice, ta kuma faɗa masa abin da ke hannunta, wato kuɗin karatun nan, ba ta rage ko kaɗan ba. Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya ba za su saya miki komai da komai ba. Sai dai a ɗauki mai muhimmanci, a bar saura sai gaba. Bari in nuna miki yadda abin yake." Ya dafa wani baƙin akwati mai faɗi. "Wannan shi ne risiba. Shi ke karɓar sauti daga talabijin, ya ƙara masa ƙarfi, ya raba wa kowace sifika nata. Sabo zai cinye kuɗinki kaf, amma ina da na hannu masu lafiya. Sai sifiku biyu na gaba, hagu da dama. Sai wannan kwantacciyar, ta tsakiya, wadda ake sawa a ƙarƙashin talabijin. Kusan duk maganar da mutane ke yi a fim ta nan take fita. Mutane raina ta suke yi don ba ta da girma, amma ga maigidanki ita ce kan gaba. Akwai biyu na baya, masu kawo ƙarar ruwa da iska da takun mutum. Sannan wufa, wancan mai kama da akwatin kaya, shi ke kawo rugugi, irin na tsawa ko injin jirgi."

"To wanne zan ɗauka? Kaina ya ɗaure wallahi."

"Ba ke za ki ɗauka ba. Ki ɗauko mini hoton ramukan da ke bayan talabijin ɗinku a waya, in ga ko za su dace da risiban. Ki kuma kawo mai kunnen da kansa. Sifika kamar takalmi ce, ba a saya wa mutum a bayan idon—" Ya kama bakinsa. "Sori, Hajiya."

"Ba komai, na gane," in ji ta, har ta ɗan yi murmushi.

Nan fa aikin yake. Da ta gaya wa Dogo, sai ya yi wata dariya marar daɗi. "In fita a ja ni a titin da na yi shekaru ina jan mutane? Yaran tasha su nuna ni su ce ga Dogo can matarsa na jan sa? Ki bar kuɗinki, Auta." Da ta gaya wa Mama a waya kuwa, don ba ta iya ɓoye mata komai, sai da ta janye wayar daga kunne.

"Kuɗin karatun? Sinima za ki haɗa wa wanda ba ya gani? Lalle kin yi nisa! To tunda ban isa ba, ki yi abin da kika ga dama." Ta kashe. Daga ranar Mama ta daina ɗaukar wayarta.

Ranar Asabar da safe Yaya Babba ya faka motarsa a ƙofar gida. Wan Dogo ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin tayoyi, mutum mai kirki amma mai yanke magana a tsaye. Ya shigo cikin fararen kaya yana kaɗa makulli.

"Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka miki. Ina kayan nasa?"

"Ban haɗa ba, Yaya."

"Ba ki haɗa ba? Ai ya ce mini kun gama magana."

Dogo ya fito yana lalube, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Auta ta je gabansa. Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta yi kuka ba.

"Tunda muka yi aure ban taɓa cewa ka raka ni unguwa ka ƙi ba. Ko ka dawo a gajiye sai ka ce in ɗauko jakata. Yau ma raka ni nake so ka yi, waje ɗaya tak. In mun dawo, duk abin da ka yanke, wallahi ba zan riƙe maka riga ba."

"Ina ne wajen?" in ji Yaya Babba. Da ta faɗa masa sai ya tafa hannu. "Kayan kiɗa? Ana maganar rayuwar mutum kina maganar kayan kiɗa? Haba, Auta! Da magani kika ce, ko wani likita, da na fahimta."

Auta kuwa mijinta kawai take kallo. Yaya Babba ya fara duba agogo. Can Dogo ya ja numfashi.

"Miƙo mini takalmina."

Daga inda suka ajiye mota zuwa shagon ba nisa, amma Dogo ya jiƙe da gumi kafin su isa. Ya riƙe gwiwar hannunta gam, kansa a sunkuye, duk wanda ya yi dariya a layin sai ta ji yatsunsa sun ƙara matse ta. Mai Sauti ya tare su ba tare da wani jaje ba, ya ba shi hannu kamar kowane mai saye, ya zaunar da shi a kujera a tsakiyar shago, daidai gaban wani talabijin.

"Yallaɓai, fim ɗaya zan riƙa maimaita maka, wuri ɗaya. Kai dai ka faɗi abin da ka ji."

Wurin tashar jirgin ƙasa ce, wata mata tana sallama da wani mutum. Mai Sauti ya fara da akwatin nan mai fitilu. Shagon ya ɗauki rugugi, gilashin kanta na karkarwa.

"Yauwa!" in ji Yaya Babba. "In ma sayen za a yi, ai wannan ne kaya. Dubi lambar da aka rubuta a kwalin, ƙarfinsa ya ninka na sauran."

"Ganga ce kawai," Dogo ya faɗa a hankali. "Ƙirjina na rawa, amma matar kamar daga cikin bargo take magana."

"Lambar kwali ba ta cika faɗin gaskiya ba, Alhaji," in ji Mai Sauti yana sauya wayoyi. Ya haɗa risiba na hannu da sifiku biyu na gaba. Dogo ya ɗan ɗago. Jirgin ya shigo daga dama ya wuce hagu, kansa ya bi shi. Sannan Mai Sauti ya jona ta tsakiya, ya mai da fim ɗin baya.

Matar ta fara magana. Dogo ya miƙe zaune sosai.

"Tsaya. Sake mai da shi."

Aka mayar. Ya tura fuska gaba, bakinsa a ɗan buɗe.

"Matar nan cewa take ya tafi, ba komai, amma ƙarya take. Kuka take dannewa. Na ji ta haɗiye shi kafin ta ce ba komai. Auta, ko ba haka ba?"

Auta ta dubi talabijin. Matar na murmushi, idanunta sun cika taf da hawaye.

"Haka ne," ta ce da ƙyar.

"Ba ki gaya mini ba fa."

"Ban gaya maka ba."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. Da ya sake magana, muryar ta sauya, ta koma irin ta da, mai kaifi.

"Amma akwai matsala, Malam. Mutumin da ya taho daga hagu zuwa tsakiya, muryarsa ta canja a hanya, kamar mutum biyu ne."

Mai Sauti ya yi dariya. "An kama ni! Ta tsakiyar ba kamfaninsu ɗaya da na gaban ba, na sa ta ne don ta fi araha. Ga 'yar gidansu can, amma in aka ɗauke ta, na baya sun fita daga lissafi, wufa ma sai ƙarami."

"Sa mu ji."

Aka sa. Mutumin ya taho daga hagu da muryarsa guda har ya iso. Dogo ya gyaɗa kai. Aka zo kan wufa. Yaya Babba, wanda zuwa yanzu ya ajiye makulli ya jawo kujera, ya nace a gwada babban. Da jirgi ya taso, wani kwali ya faɗo daga kanta.

"Ina! Wannan sai ɗakin taro," in ji Dogo. "Yana ci gaba da gurnani bayan jirgin ya wuce. Ƙaramin ya fi tsabta, yana tsayawa inda aka ce ya tsaya. Kuma falonmu bai fi daga nan zuwa ƙofa ba, ga maƙwabta da jariri."

Falonmu. Auta ta juya ta fuskanci kanta, kamar mai duba farashin batir, don kada kowa ya ga fuskarta.

Dogo bai tsaya nan ba. Ya sa aka gwada kowace kafa ta risiban ɗaya bayan ɗaya, har da na bayan da ba za a saya wa sifika yanzu ba. Ya ce a bar shi a kunne ya yi aiki, sannan ya ɗora tafin hannu a kansa yana jin zafinsa, yadda yake yi wa murfin inji. Ya karɓi rimot ya shafa maɓallan, ya ce Auta za ta manna masa ɗan salatif a na ƙara da na ragewa. Mai Sauti ya duba hoton bayan talabijin ɗinsu a wayarta ya ce wayar haɗi ɗaya ta isa. Da aka zo ciniki kuwa, Dogo ya ƙi sakin maganar garanti sai da aka ƙara masa wata guda, ya kuma sa aka haɗa da wayoyin sifiku kyauta.

"Wai da ma haka yake?" Mai Sauti ya tambayi Auta yana share gumi.

"Ai yau da sauƙi," in ji ta.

Yaya Babba ya sa hannu a aljihu. "Malam, haɗa da na bayan nan, ni zan cika."

"A'a, Yaya," in ji Dogo. "Na gode. Wannan na matata ne, ita ta saya. Na baya ni zan saya da gumina, ko yaushe ne."

Yaya Babba ya zare hannu daga aljihu. Shi ya ɗauki kwalin wufa da kansa. A wajen mota, bayan sun zaunar da Dogo a ciki, ya tsaya a bayan but ya daɗe yana gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara.

"Ƙanwata," ya ce ba tare da ya dube ta ba, "rabona da in ji yaron nan ya yi musu da wani tun kafin ciwon. Ni ɗaki na gyara masa, har da sabuwar katifa, ina ganin gata na yi masa. Ashe wajen da zai ƙarasa mutuwa na shirya. Ki yafe ni."

"Ba ka yi mini komai ba, Yaya. Kai ma sonsa kake."

A gida, Dogo ya zauna a kujerarsu yana ba da umarni. Ta hagu a ɗan karkato da ita ciki. Ta tsakiya ta yi ƙasa da yawa, a sa mata littattafai a ɗaga bakinta. Wufa kuwa sai da ya zaga falon: a kusurwa ya cika gurnani, a bayan kujera ya ɓace, sai a gefen kantar talabijin, an ɗan janye shi daga bango, ya zauna daidai. Yaya Babba na rarrafe a ƙasa da fararen kayansa yana tura waya ƙarƙashin kafet, yana mita yana yi. Da rana ta yi sanyi ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya yi musu sallama. Ba wanda ya ta da maganar haɗa kaya.

Suka rage su biyu. Auta ta saki labule, ta zauna a gefensa, rimot a hannunsa, amma bai danna ba.

"Kuɗin karatunki ne, ko?"

"Su ne."

"Duka?"

"Duka."

Ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Na ɗauka in na sake ki na yi miki adalci. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, sai na lulluɓe su da sunan tausayinki. Maganar nan na janye ta, Auta, in har kina iya ci gaba da zama da ni. Ba zan yi miki alkawarin sauƙi ba. Amma ƙofar can ba zan sake rufe ta ba."

Ta kifa kai a kafaɗarsa, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce, "To ya isa haka, kar ki jiƙa mini rimot."

Ba a rana ɗaya komai ya gyaru ba. Akwai ranakun da zuciyar ke dawo masa, ya wuni bai ce uffan ba. Akwai ranar da ya yi karo da tebur ya yi jifa da kofi. Amma ya yarda ta kai shi cibiyar da ake koya wa makafi tafiya da sanda da amfani da waya mai magana. Daga baya ya je tsohon kamfaninsu da ƙafarsa, ya ce a gwada shi a teburin da ake tsara wa direbobi hanya ta waya, tunda babu lungun da bai sani ba. Suka gwada shi da shakka, suka riƙe shi da murna.

Mama ce dai ta ƙi saukowa. Auta ta je gida ta gaishe ta ba sau ɗaya ba, ta amsa a daƙile, ba ta kuma taɓa tambayar mijin ba. Har Allah ya kawo rabo, laulayi ya kwantar da Auta, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Dogo ya ɗauki waya da kansa ya kira.

"Mama, ni ne. Na san kina fushi da mu, kuma kina da hujja. Amma 'yarki ba ta da lafiya, tana buƙatar ki. Ni ma haka."

Ba a daɗe ba aka ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe mata ƙofa, fes da shi, gemu a gyare. Mama ta shigo ta tarar da Auta kwance a doguwar kujera an lulluɓa mata zane, ga bokiti a gefe an wanke, ga magunguna an jera. Tana zaune tana shafa kan 'yarta, tana kallon surukin nata ya shiga kicin, ya dafa ruwa, ya zuba a kofi yana saurarar cikarsa, ya kawo mata har gabanta bai zubar ba.

"Wa ke yi muku aikin gidan?" ta tambayi Auta ƙasa-ƙasa.

"Shi ne, Mama. Kafin ya tafi ofis da bayan ya dawo. Kuma ya ce in na haihu na yaye, karatun nan sai na yi shi, ya fara ajiye mini."

Mama ta sake duban surukin nata. Ta wuni a gidan. Da yamma ta tashi tafiya, Dogo ya ɗauki sandarsa ya ce zai raka ta. Auta ta ja jiki zuwa taga tana kallonsu: shi a gaba yana taɓa gefen kwalbati da sanda, ita a baya tana bin sawunsa. A bakin titi ya ɗaga hannu ya tsayar mata da mota. Kafin ta shiga, Auta ta ga mahaifiyarta ta kama hannunsa da hannu biyu, ta daɗe tana magana.

"Me ta ce maka?" ta tambaya da ya dawo.

Ya jingine sandar a bayan ƙofa. "Ta ce in yafe mata. Na ce ban riƙe ta da komai ba, duk uwar da ta ga 'yarta a wahala abin da za ta faɗa ke nan. Sai ta ce, to ɗana, jibi ina nan tafe da kayana, zan zauna har ta warware." Ya yi murmushi. "Ɗana fa ta ce."

Haka Allah ya saka wa Auta. Idon mijinta bai dawo ba, amma mijin ya dawo. Iyaye da 'yan'uwa kan ba da shawara saboda ƙauna, sai dai wani lokaci tsoro ke yi musu jagora, su ga rabuwa ce kaɗai mafita. Wanda aka jarraba da lalurar abokin zama, kada ya tsaya yana ƙirga abin da ciwo ya ɗauke. Ya yi haƙuri, ya lura da abin da ya rage, ya raya shi da ɗan abin da ke hannunsa, ba tare da ya yanke zumunci da waɗanda suka saɓa masa ba. Haƙurin da ake nufi ba zaman jira ba ne, aiki ne da ake tashi a yi kowace safiya, kuma Allah ba ya tozarta mai yin sa.